Kwana Biyu A Wusasa

Gardama ce ta kai ni Wusasa. Wata rana da la'asar muna zaune a bakin wani shagon ɗinki a Agege, nan Ikko, inda 'yan Arewa kan taru su sha inuwa su taɓa hira, sai ga wani saurayi ya zo karɓar ɗinkinsa. Ya yi sallama, ya rusuna ya gai da manya, aka shiga tambayar gida da mutanen gida. Hausarsa ta Zazzau ce tsantsa, ba gauraye. Da aka kira salla muka miƙe, shi kuwa ya koma gefe ya zauna yana tsare mana kayan shago. Wani dattijo daga cikinmu ya tambaye shi ko lafiya, ya ce lafiya lau, shi Kirista ne. Aka ce to, wane yare ne shi? Ya ce shi ba shi da wani yare sai Hausa, ubansa Bahaushe, kakansa Bahaushe, garinsu Wusasa.

Bayan an idar da salla sai gardama ta kaure. Wasu suka ce sam ba ta yiwuwa, in aka bi diddigi lalle za a tarar da wani asali dabam. Saurayin bai yi fushi ba. Ya ce wannan ba baƙon abu ba ne gare shi, domin ko a majami'ar da yake zuwa a nan Ikko, ranar da ya fara shiga da hula da 'yar shara sai da masu tsaron ƙofa suka tare shi suka yi ta yi masa tambayoyi, suna zaton ɓatan kai ya yi, ko kuwa da wata manufa ya zo. Watau nan a ce masa shi ba Bahaushe ba ne, can kuma a ce bai yi kama da Kirista ba.

Ni dai na san sunan Wusasa tun ina makarantar firamare, a bangon littafin Jiki Magayi, wanda John Tafida na Wusasa ya rubuta tare da Rupert East cikin shekarun 1930. Amma ban taɓa sa ƙafa a garin ba. Saboda haka da wata hidima ta kama ni a Kaduna cikin watan Nuwamba, sai na nemi saurayin nan ya yi mini kwatancen gidansu. Ya buga wa mahaifinsa waya a gabana, aka ce ana maraba.

Daga Kaduna zuwa Zariya tafiyar kamar kilomita 80 ce. Mai zuwa Wusasa ba sai ya shiga birni ba. Kafin a kai ga ganuwa akwai mararrabar da ake kira Ɗan Magaji, a nan na sauka ranar Asabar da hantsi, na hau acaɓa. Abin da ido ke fara cin karo da shi shi ne duwatsu, musamman Kufena, wanda masana tarihi ke cewa mutanen Zazzau sun zauna a gindinsa tun kafin a kafa birnin da muka sani. Mai karatu kada ya zaci wani ɗan ƙauye ne a bayan gari. Gine-gine sun riga sun haɗe Wusasa da Zariya, ga majami'u na ɗariku dabam dabam, ga masallatai, ga Musulmi da yawa da suka yi gidaje suna zaune.

Mai masaukina tsohon malamin makaranta ne da ya daɗe da yin ritaya, kowa na ce masa Baba, ni ma na bi sahu. Gidan irin namu ne, da zaure, da tsakar gida, da rumfa, da 'yar bishiyar zogale a bayan madafa. Uwargida ta fito ta yi mini barka da zuwa, ta kawo ruwa da fura. Da ta zo tambayar ɗanta sai ta kau da kai ta ce, "Malam, yaya ka baro wancan?" Ashe ɗan fari ne, ba ta kama sunansa. Na ce a raina, da dattijon nan namu na Agege yana nan da rabin gardama ta ƙare. Azahar na yi, kafin in buɗe baki, sai ga autan gidan, yaro ɗan shekara kamar 19, ya kawo mini buta da darduma, ya nuna mini gabas. Baba ya ce dardumar a ajiye take kullum, don ƙannen mahaifinsa biyu da zuriyarsu duk Musulmi ne, kuma ba a wata guda ba su zo ba.

TSOHUWAR MAJAMI'A

Da rana ta yi sanyi Baba ya ɗauki sandarsa ya ce in zo ya nuna mini inda garin ya faro. Muka taka zuwa tsohuwar majami'ar St. Bartholomew ta ɗarikar Angilikan. Wanda duk ya taɓa shiga tsohon Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani ya gina, ko soron wani basarake, ba zai ji baƙunta ba a nan. Ginin ƙasa ne na magina Hausawa, katanga mai kauri, rufin ya hau kan bakan gizo, ciki da sanyi kamar randa. Na tsaya na daɗe ina kallon sama. Ban taɓa tsammanin zan ga gicciye a ƙarƙashin irin wannan rufi ba, kuma ina jin da yawa daga masu karatu haka za su ji.

Ga yadda abin ya samo asali, a taƙaice. A shekarar 1900 wata ƙungiyar Turawan Mishan ta C.M.S. ƙarƙashin Bishop Tugwell ta isa Kano, Sarki Alu ya sallame su. A cikinsu akwai wani likita, Walter Miller, wanda Hausawa suka sani da Likita Mila, ya kuwa koyo Hausarsa ne a Tarabulus. Bayan sun yi zama a Girku, a 1905 ya shiga birnin Zariya, zamanin Sarki Aliyu ɗan Sidi, ya buɗe ɗakin shan magani da makaranta. Mabiyan da ya samu a birni ba su taka kara sun karya ba. Sai a 1913 wasu mutane suka zo masa daga cikin waɗanda ake kira Isawa, watau almajiran wani Malam Ibrahim da aka kashe a Kano tun cikin ƙarni na 19 saboda irin matsayin da yake bai wa Annabi Isa a karatunsa. Aka kafa musu gari a Gimi, cikin ƙasar Zazzau. Ba a jima ba ciwon barci, wanda ƙudan tsando ke kawowa, ya faɗa wa garin ya yi masa mummunar ɓarna. Waɗanda suka tsira suka watse, wasunsu suka komo wurin mishan a Zariya. Daga baya hukuma ta ga zaman mishan a tsakiyar birnin Musulmi bai dace ba, aka ba su fili a bayan ganuwa, suka ƙaura a 1929. Filin nan shi ne Wusasa. A nan aka gina majami'ar, da makaranta, da asibitin St. Luke.

In ana ba da wannan labari an cika tsayawa a kan Turawa. Ni kuwa abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne maganar da Baba ya yi muna zaune a dakalin ƙofa. Ya ce mutanen farko na garin nan tsintattsu ne: wannan maraya ne, wancan danginsa sun yafe shi don ya sake addini, wani kuma daga Filato ko kudancin Zariya aka kawo shi karatu. Ba su da kawu, ba su da gwaggo. To, sai ikkilisiya ta zama ita ce dangi. Wanda ya yi aure ya ɗauki yaro biyu ko uku ya riƙa, matar wani ta yi wa matar wani wankan jego, in an yi rasuwa kowa ya fito. Ya ce duk wata ƙungiya da zan gani a yau, ta mata ko ta samari, jikar wannan larura ce.

Lalle kuwa riƙon ya yi albarka. Daga hannun wannan mishan aka sami Dokta Barau Dikko, likita na farko ɗan Arewa, wanda yana cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa, kuma sunansa ne babban asibitin nan na Kaduna ke ɗauke da shi. Haka kuma Farfesa Ishaya Audu, wanda mahaifinsa na cikin Isawan nan, shi ne ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, daga 1966 zuwa 1975, kana ya zama Ministan Harkokin Waje a 1979. Janar Yakubu Gowon ma, ko da yake iyayensa Angasawa ne daga Filato, a nan ya tashi, mahaifinsa na aikin bishara, a nan kuma ya yi firamare. Da na tuna wa Baba cewa gwamnatin Gowon ce ta kafa shirin yi wa ƙasa hidima a 1973, sai ya yi dariya ya ce, "Ai mu nan tun muna 'yan shekara bakwai muke bautar ƙasa, ba kaki, ba alawus."

Ba ƙarya ya yi ba, domin muna maganar ana yi a gabanmu. Ranar Asabar ranar shara ce. 'Yan mata sun ɗaura ɗankwali a hanci suna share farfajiya, yara maza na jido ruwa, wasu na goge kujeru a babbar majami'ar zamani da aka gina daga baya, wata dattijuwa na zaune a kan kujera 'yar tsugunno tana nuna musu inda suka tsallake. Ba wanda ake biya ko kwabo. Wani yaro da bai wuce shekara takwas ba ya yar da tsintsiya ya bi ƙwallo, dattijuwar ta kira shi da sunan kakarsa, ya dawo sumsum. Na tambaya ko jikanta ne, aka ce ko kusa.

'YAN BIRGED

Can gefen fili kuma sai na ji ganga da begila. Samari ne da yara cikin layi uku, suna fareti, autan gidanmu na cikinsu. Wannan ita ce ƙungiyar Boys' Brigade, wadda wani William Smith ya kafa a Glasgow ta ƙasar Sikotilan a 1883, ta shigo Nijeriya ta Ikko a 1908. 'Yan mata ma suna da tasu. Mai ba da umurni wani saurayi ne siriri mai kaushin murya, wanda na ji an ce gyaran babura yake yi a Tudun Wada, ya rufe shago tun azahar don ya zo.

Da suka tashi na ja shi gefe muka zauna a kan wani dutse. Na ce masa, "Samari, me faretin nan yake ƙara wa yaro?" Ya ce, "Ranka ya daɗe, faretin ai tarko ne. Yaro yana son ganga da hula. In ya shigo don ganga, sai ya tarar dole ya zo a kan lokaci, dole ya wanke rigarsa da kansa, dole ya haddace ayarsa ta mako, dole ya bi umurnin wanda wataƙila ya girme shi da shekara ɗaya tak." Ya ce in an yi rasuwa su ne masu haƙa kabari, in biki ne su ne masu jera kujeru da kwashewa. Da damina sukan yi gayya a gonar gwauruwa ko tsohon da ƙarfinsa ya ƙare. Waɗanda suka yi nisa a karatu sukan tara ƙanana da yamma su yi musu bitar lissafi da Turanci in jarrabawa ta gabato, tun da makarantun mishan na da, irin su St. Paul da ta koma Kwalejin Kufena, gwamnati ta karɓe su tun cikin shekarun 1970, abin da makaranta ke yi a da yanzu ya komo wuyan iyaye da ikkilisiya.

Sa'an nan ya yi shiru kaɗan, ya ce akwai kuma tsaron ƙofa.

Wannan yana bukatar bayani ga wanda bai san yankin ba. A watan Maris na 1987 rikicin da ya tashi a Kwalejin Horon Malamai ta Kafanchan ya bazu zuwa Kaduna da Zariya da Funtuwa da wasu garuruwa, aka ƙone majami'u masu yawa, Wusasa ma ba ta tsira ba. Sa'an nan ranar Lahadi 17 ga Yuni, 2012, aka kai harin bam a majami'u uku cikin Jihar Kaduna: ɗaya a garin Kaduna, ɗaya ta Katolika a Sabon Garin Zariya, ɗaya kuma ta ɗarikar ECWA a nan Wusasa. An yi asarar rayuka, kuma ramuwar gayyar da ta biyo baya a Kaduna ta ci waɗansu bayin Allah da ba su san hawa ba ba su san sauka ba. Tun daga wancan zamani majami'u da yawa a Arewa, kamar yadda masallatan Juma'a da yawa suka yi, suka sa shinge a hanya, suka sa masu binciken masu shiga. A majami'u, galibi samarin nan ne ke wannan aiki. Saurayin ya ce abin ya lafa ƙwarai, an yi shekaru ba a ji ko ƙyas ba, amma ba wanda ya yarda ya ce a daina. Na tambaye shi ko suna da wani makami. Ya nuna mini usur ɗin da ke rataye a wuyansa.

HIRAR DARE

Bayan an ci tuwon masara da miyar kuka, Baba ya ce in ba zan damu ba za su yi addu'ar dare. Na koma bakin zaure na zauna, ina jiyo su. Jikoki huɗu ne a gidan, 'ya'yan 'ya'yansa mata da ke aiki a Abuja da Kaduna. Kowane yaro aka ba shi aya biyu ya karanta daga Littafi Mai Tsarki na Hausa. Babbar ta yi ƙoƙari. Na biyun kuwa ya yi ta tuntuɓe, yana karanta Hausa da lafazin Turanci, har ƙannensa suka fashe da dariya, Mama ta tsawata. Bayan karatu Baba ya tambayi kowa abin da ya yi da rana wanda yake neman gafara a kansa. Ƙaramin ya ce shi ne ya sha madarar da aka ajiye wa baƙo. Ashe ni aka yi wa ɓarna ban sani ba.

Da yara suka kwanta Baba ya fito da tabarmarsa muka zauna. Abin da ke cin ransa, in ji shi, shi ne harshe. An kammala fassara Littafi Mai Tsarki da Hausa tun 1932, da aikin Likita Mila da waɗansu, da taimakon Hausawan da suka zauna da su suna gyara musu magana. Yau ga jikan Bahaushe ba ya iya karanta shi. Makarantun kuɗi suna hana yara yin Hausa, iyaye kuma suna murna. Samari sun fi son sujadar Turanci mai gita da amsa-kuwwa, wasu ma sun koma sababbin majami'un cikin gari inda ake wa'azin arziki. Ya ce shi ba ya ƙin Turanci, da shi ya ci abinci shekara 35, amma in Hausa ta fita daga bakin yaran nan, to da me za su amsa wa mutanen Agege?

A nan na ɗan saɓa masa. Na ce wannan ciwo ba na Wusasa ba ne kaɗai, 'ya'yanmu na Ikko ma haka suke, wasu Yarabanci ya fi musu sauƙi. Kuma na ga da idona samarin da yake kuka da su sun yini suna aiki a rana ba da ko sisi ba. Ya ce haka ne, amma in ƙirga su. Rabin sa'o'in ɗan farinsa ba sa garin. Wusasa tana haihuwa, tana reno, tana horo, in yaro ya kawo ƙarfi sai Abuja ko Ikko ko Ingila su ɗauke. Tun zamanin su Dikko haka abin yake, sai dai a da masu shigowa sun fi masu fita.

Muna cikin haka Mama ta fito ta zauna daga nesa kaɗan, tana tsince wake a faifai. Ba ta sa baki ba sai da aka ambaci auta. Ta ce, "Malam, tun da kai baƙo ne, kuma babba, bari in kai ƙara wurinka. Gobe yaron nan ne a ƙofa. Makon jiya shi ne. Wancan makon ma shi ne." Baba ya ce ai don ba su da yawa ne. Ta ce ta sani. Ta ce ita ta goya shi ta kai shi makarantar Lahadi, ita ta dinga tashinsa da asuba ya je shara, ita ta sayar da akuyarta ta ɗinka masa kayan birged, ba ta taɓa hana shi aikin Ubangiji ba. Amma ranar da abin nan ya faru a 2012 tana cikin sujada ta ji ƙarar, ƙasa ta girgiza, kuma ta san gidajen da aka yi makoki. Ta ce duk wanda zai zo da mugun nufi, wa zai fara tararwa?

Baba ya daɗe bai amsa ba. Can ya ce, "To, ɗan wa za a sa? In na cire nawa, da wane ido zan dubi uwar wanda aka sa a madadinsa? Shekara nawa muna gaya masa ya fifita bukatar wani a kan tasa, yau da ya ji maganarmu sai mu ce wasa muke yi?" Mama ta ce ita ba ta ce wasa ake yi ba, ta ce dai a riƙa hutar da shi. Suka juyo gare ni su biyu.

Jama'a, an sha sa ni a tsaka mai wuya, amma ban taɓa shiga irin wannan ba. Na ce Allah shi ne mai tsarewa, suka ce amin, kowa ya san ban raba gardamar ba. Daga baya ina kwance na yi ta juya abin. A ganina Baba ya fi hujja, amma da ɗana ne, bayan Mama zan bi.

RANAR LAHADI

Da na idar da sallar asuba auta ya zo ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ni, ya ajiye mini ruwan wanka mai ɗumi, don hunturu ya fara busawa. Kafin in gama shiri ya fice. Na nemi izinin Baba in bi su in ga yadda ake yi, ya ce ƙofa a buɗe take.

Ashe ba a buɗe take sosai ba. Tun daga nesa an gitta ƙarfe a hanya, motoci da babura na tsayawa can baya. Samari huɗu ne a wurin cikin kayansu, an goge takalma, an ɗaure ɗamara. Mata na buɗe jakunkuna ana leƙawa. Da layi ya zo kaina sai na ga auta ne riƙe da na'urar nan mai ƙara da ake shafa wa mutum a jiki. Yaron da ya durƙusa mini ɗazu ya dube ni ya ce, "Kawu, a yi haƙuri, a ɗaga hannu." Na ɗaga. Ya bi babbar rigata gaba da baya, na'ura ta yi kuka a aljihu, ya sa na fito da makullai da waya, sa'an nan ya ce in cire hula. Baba na tsaye a bayana bai ce uffan ba, shi ma da aka zo kansa ya miƙa sandarsa aka duba.

Na sami wuri a kujerar baya. Sujadar Hausa ce, kuma abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yawan kalmomin da na sani: Ubangiji, gafara, tuba, alheri, jinƙai, albarka, amin. Wusasa ta zama hedkwatar dayosis mai zaman kanta tun 1997, da Bishop Ali Buba Lamido a matsayin bishop na farko, amma wanda ya zauna inda na zauna zai ga cewa ba manyan limamai ke motsa taron ba. Mata ne. Da aka kira Zumuntar Mata suka taso cikin anko, sun fi hamsin, wata na buga tulu da tafin hannu, wasu na kaɗa caki, mai ba da waƙa tana yi suna amsawa, da irin karin da ake ji a gidan biki a kowane ƙauyen Hausa. Su ne masu dafa abinci in an yi rasuwa, su ne masu zaman jinya da wanda ba shi da kowa a asibiti, su ne masu shiga tsakanin miji da mata kafin magana ta kai ga fasto, kuma su ne ke kiran budurwa gefe in sun ga take-takenta. Kowane mako suna tara ɗan abin da ya sawwaƙa a asusunsu, daga nan ake biya wa maraya kuɗin makaranta.

Da yake kaka ce, ranar ta dace da baikon godiya. Aka yi ta shigowa da dammunan dawa, da kwanonin masara da wake, da kaji a ɗaure, wani ma ya jawo ɗan akuya yana ta kuka har gaban bagade, yara suna dariya. Ma'aikata suka sa nasu a ambulan. Yaran makarantar Lahadi, waɗanda ke karatunsu a wani ɗaki dabam a hannun wasu 'yan mata biyu ɗaliban jami'a, aka shigo da su a layi, kowa riƙe da ɗan abinsa, wani ƙwai biyu, wani rake guda. Na hango jikan Baba, mai shan madarar baƙo, ya rungumo kabewar da ta kusa fin ƙarfinsa.

Na nemi Mama a cikin masu anko ban gan ta ba sai daga baya. Ba ta zauna a gaba tare da sa'o'inta ba. Tana can gefe a bakin taga, inda ake hango shingen hanya. Tana waƙar, tana tafi, amma fuskarta na waje. Sujada ta ɗauki awa uku, samarin nan kuwa ba su shigo ba ko sau ɗaya, abin da suka samu na wa'azi shi ne abin da lasifika ta kai musu. Sai da aka sa albarka, mutane suka watse, suka janye ƙarfen, sa'an nan auta ya zo ya karɓi jakar uwarsa ya riƙe mata.

Da la'asar na yi sallama. Matan zumunta sun riga sun wuce asibiti da kwanonin abinci, Mama ta ce za ta bi su in ta sallame ni. Ta kawo ƙullin kuka da daddawa da yaji ta ce in kai wa wancan, in kuma gaya masa Kirsimeti ta kusa. Baba ya rako ni har bakin titi. Da ɗan acaɓa ya tsaya sai ya riƙe hannuna ya ce, "Ka ce masa hularsa ta birged tana nan a rataye inda ya bar ta. In ya zo, ko Lahadi ɗaya ce ya karɓi ƙanensa."

Na isar da saƙo a shagon ɗinkin nan na Agege, a gaban dattijon da ya tayar da gardamar, wanda ya karɓi daddawar ya sansana ya ce wannan kam ta Zazzau ce. Saurayin ya tambaye ni lafiyar kowa ɗaya bayan ɗaya. Sa'an nan ya ce, "Wa ka tarar a ƙofa?" Na gaya masa. Ya yi shiru yana juya ƙullin yaji a hannunsa, can ya waiwaya ya tambayi tela ko ya san nawa motar Zariya take yanzu daga tashar Agege.